Ɗakin Rakiya a Ƙarƙashin Ƙasa

Ni dai da ɗaki na fara mafarki a Amurka. Tun ranar da bas ta sauke ni a tashar Greensboro, da jaka ɗaya da wata jibgegiyar rigar sanyi ta aro, abin da ke raina ke nan: ɗaki mai ƙofa, mai makulli, inda zan kawo matata Rakiya. Wata huɗu da aurenmu na taho. Ginin da na soma a Malumfashi ko linta bai kai ba, don haka na bar ta a gidanmu, ɗaki ɗaya da ƙannena mata, kayan da iyayenta suka yi mata suna jibge cikin kwalaye. Na ce mata shekara ɗaya. Allah Ya shirye ni, bakina ya cika saurin alkawari.

Wanda ya ce zai tarye ni, wani ɗan garinmu da ba zan kama sunansa ba, bai zo ba. Na wuni a kan benci ina kallon basa-basai na shiga suna fita, kowa ya san inda za shi ban da ni. Da ya bayyana washegari ko haƙuri bai ba ni ba. Ya kai ni wani gidan haya a wajen Wendover, ya nuna mini kusurwar falo ya ce nan ne nawa. Mu shida ne a gidan, kowa da lokacin aikinsa, katifa ba ta taɓa yin sanyi ba, wani na tashi wani na kwanciya. Sai daga baya na gano ni kaɗai nake biyan rabin hayar gidan. Ranar na yi masifa har maƙwabta suka buga mana bango, amma da na gama sai na koma kusurwata na kwanta, don ba ni da wajen zuwa.

Na yi shekaru a nan ina ɗaukar kwalaye a wani katafaren sito. Aikin ba ya bukatar tunani, sai tunanin ya tafi yawonsa. Hannuna na kan kwali, ni kuwa ina can ina jera wa Rakiya ɗaki: gado nan, madubi can, labule ya sauka har ƙasa. Wani lokaci har sai na ji ƙarar awarwaronta a bayan injin ɗaga kaya, in waiwaya, in ga wani Bamekzike yana mini alama in matsa.

Shekara ɗaya ta zama biyar da ɗoriya kafin takardunta su fara motsi. A lokacin ne na haɗu da Hajiya Zara a wajen wani suna. Mutuniyar Damagaram ce, Hausarta da ɗan Faransanci a ciki, mijinta ya rasu ya bar mata gida a Pleasant Garden, kudu da gari, tana zaune da ɗanta da matarsa da jikoki. Ta ji labarina daga bakin mata, ta kira ni gefe.

"Bon, Sabi'u, kai ne mai matar da ke jira?"

"Ni ne, Hajiya."

"Akwai besmen a gidana, ba kowa ciki sai tarkace. Ka zo ka gani."

Besmen shi ne ɗakin da suke ginawa a ƙarƙashin gida. A wajenmu rami na gawa ne da rijiya da masai, amma a nan mutum sai ya sauka matakala ya tarar da falo da banɗaki da kafet daga bango zuwa bango. Na Hajiya yana da ƙofarsa ta baya da wata 'yar taga can sama, daidai da ciyawar tsakar gida. In ka kwanta, ƙafafun duniya kawai kake gani: ƙafar kurege, tayar keken jikoki, wata safiya ma siraran ƙafafun barewa guda biyu da suka tsaya suka daɗe kamar suna sauraron numfashina. Ban taɓa son wuri kamar yadda na so ramin nan ba.

Tare muka jera shi da Rakiya, ta waya. In shiga kanti in ɗaga mata labule, ta ce, "A'a Yallaɓai, wannan ai na asibiti ne, ɗauko mai ruwan zuma." Yallaɓai take ce mini in tana son tsokana. Ita ta zaɓi gadon, ita ta ce a juya shi ya kalli taga. Ta san ɗakin nan fiye da ni, har takan tambaye ni ko na gyara ƙugiyar da ke bayan ƙofa. Da biza ta fito, da wa'adi a jikinta: in ba ta shigo kafin ya cika ba, sai a sake sabon lale. Muka yanki tikiti na tsakiyar Oktoba.

Saura 'yan makonni sai aka tsuge da ruwa. Ragowar wata guguwa ce daga teku, aka yi kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Na dawo daga aiki da la'asar, na buɗe ƙofar baya, sai wari ya tare ni kamar mutum. Na tsaya a kan matakala. Ruwa ne kwance a ɗakin, baƙi-baƙi, ya kai idon sawu, yana ɓulɓulowa a hankali ta magudanar banɗaki. Takalmana na Juma'a suna yawo a kai, ɗaya na bin ɗaya. Hasken taga ya faɗo a kan ruwan, labulen Rakiya ya fito a cikinsa a juye, kyakkyawa, ko motsi ba ya yi. Wallahi na jima ina kallo kafin kaina ya yarda cewa kashi nake kallo.

"Innalillahi! Hajiya! Hajiya!"

Ta leƙo daga sama, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ita ce ta yi hankalin cewa kada in taka ruwan sai an kashe wutar ƙasa. Mai gyaran famfo ya zo ya zura wata doguwar waya cikin bututu, ya jawo dunƙulen saiwoyi kamar gashin tsohuwa. Itatuwan bayan gida ne suka kutsa cikin bututun da ke zuwa sokawe, ruwan sama ya cika sokawen, abin da gidan ya zubar duka ya rasa hanya ya dawo wajena. Ya zuƙe ruwan da injinsa. Yana tattara kaya ya yi wata magana a kan kafet da bango, da irin Turancin nan nasu na kudu da ake ja kamar danƙo. Na ce "yes, yes" don ya tafi.

Mu kuwa mun san abin da ake yi wa najasa, tun muna yara aka koya mana. A kwarara mata ruwa mai tsarki har launinta da warinta su gushe, shi ke nan wuri ya tsarkaka. Haka ake yi wa tabarma in yaro ya ɓata ta, haka ake yi wa tsakar gida. Hajiya ta ɗaura ɗamara, ta sa aka zuro mana tiyon ban-ruwan fulawa ta taga. Ina feshi tana kora da tsintsiyar kaba da ta zo da ita daga gida. Muka wanke kafet ɗin nan a inda yake, tunda a manne yake da ƙasa. Muka sake. Na bi gindin bango ma na yi masa wanka sosai, don kada a ce an bar wani wuri. Hajiya ta kawo jabel, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, ta yayyafa. Daga ƙarshe ta kunna turaren wuta a kasko biyu, irin na Barebari mai kama jiki, ta rufe ƙofa.

"Wala," in ji ta. "Ko amaryar sarki sai ta kwana a nan."

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne rana. A gida in ka wanke, rana ce ke ƙarasa aikin, kafin azahar ƙasa ta bushe ƙayau. A ramin nan rana ba ta sauka, sai ɗan abin da ya leƙo ta taga da yamma. Bangon kuma da na ɗauka bulo ne, ashe allo ne na farar ƙasa da takarda a jiki, bayansa an cusa wata irin auduga. Duk ruwan da muka kwarara da sunan tsarki, bangon nan ya shanye shi ya riƙe.

Na koma kwana a mota, ina jiran ɗaki ya bushe. Bai bushe ba. Bayan 'yan kwanaki kafet yana nan yana cakal-cakal a ƙarƙashin ƙafa, ga wani sabon wari ya taso a ƙasan turaren, mai sanyi, irin na tsohuwar rijiya. Sai ɗige-ɗige baƙaƙe suka fito a gindin bango. Da safe in gan su kamar an watsa barkono, da yamma sun haɗe sun zama taswira. Na fara tari. Rakiya kuma ta fara tambaya.

"Yallaɓai, me ya sa kullum a mota kake kirana yanzu? Nuna mini ɗakina mana."

"Sabis ne ba kyau a ƙasa."

"Da can yana da kyau."

Na ce mata ruwan sama ne ya lalata, na kawo wata hira.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce, Misis Karol, mai kare gurgu. Iyakarmu da ita ɗaga hannu. Ta gan ni ina alwala a bayan mota kwana da kwanaki, rannan sai ta tako har bakin shinge ta tambaya ko lafiya. Ban san abin da ya sa na gaya mata ba, wataƙila don ba ta jin Hausa, ba za ta kai ni gaba ba. Ta ce in nuna mata. Ta sauka matakala uku ta tsaya, ta dafa ƙirji. Ta ce irin wannan ya taɓa samun ta shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, ta yi kuka a kan matakala kamar wannan. Sannan ta gaya mini a hankali, tana maimaitawa don in gane: duk abin da ke shan ruwa, in ruwan masai ya taɓa shi, ba ya wankuwa. Kafet, da soson da ke ƙarƙashinsa, da allon bango, da audugar ciki, da katifa. Sai dai a fitar.

"Katifar sabuwa ce," na ce. "Ko kwana ɗaya ba a yi a kanta ba. A jingine take da bango tana jiran matata, ƙasanta kawai ruwan ya taɓa."

Ta dube ni, ta ce ta sani, in yi haƙuri.

Raina ya ɓaci, na hau sama ina faɗa, ban ma san da wa nake ba. Na ce wace irin ƙasa ce wannan da ake gina gida da takarda? Wane irin bango ne ruwa zai ci? Hajiya ta bar ni na gama, sannan ta ce in abin ya gagara Rakiya ta sauka a falonta, a shimfiɗa mata kusa da jikoki kafin a ga yadda za a yi. Da alheri ta faɗa, na sani. Amma sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Yarinyar nan ta shekara biyar tana kwana a ɗakin wasu, tana canza zane a bayan ƙofa. In ɗauko ta daga wata duniya in sake ajiye ta a falon wasu? Na ce, "Hajiya, na gode. Amma a ɗakinta za ta kwana."

Misis Karol ta aiko jikan Hajiya da fankoki manya guda biyu, da wata na'ura mai tsotse laima daga iska, da takunkumi da safar hannu na roba. Na ɗauki hutu a wajen aiki. Na yanka kafet ɗin nan gunduwa-gunduwa da wuƙa, ina naɗewa ina cusawa a baƙaƙen leda, kowane ƙunshi nauyinsa kamar rago. Na ja layi a bango daidai gwiwata, sama da inda laima ta kai, na bi shi da zarto. Allon yana faɗowa kamar jiƙaƙƙen burodi, bayansa baƙi ƙirin da fumfuna. Na zaro audugar tana ɗiga. Katifa ce ta ƙarshe. Ni da ɗan Hajiya muka hau da ita matakala, muka jingine ta a bakin titi, ledar kanti ma ba a gama cire mata ba. Ban waiwaya ba.

Da aka kwashe komai sai siminti ya bayyana, da katakan da ke riƙe da bango, tsirara. Na durƙusa da buroshi, ruwan zafi da sabulu tukuna, sannan jabel, taga da ƙofa a buɗe. Wannan karon ba kwarara ba, shafa da gogewa, in tsane da tsumma nan take. Fankoki na ruri ba dare ba rana. A cikin rurin nan da ƙaurin jabel kaina yakan yi nisa. Sai in ji kamar matan unguwarmu ne suka taru yi wa kakata daɓe, madaɓai na sauka tim, tim, a tare, ana yayyafa ruwan makuba, ƙasa na yin ja tana sheƙi. Ina yaro nakan zauna a bakin ƙofa ina jin bugun a cikin cikina. In farga in ga ni kaɗai ne a ramin Amurka, gwiwoyina sun yi kanta, buroshi ya cinye. Kowace safiya in ɗauki bokitin na'urar nan cike da ruwan da ta tatso daga iska, garai-garai, in zubar a gindin itatuwan da suka jawo mini.

A hankali simintin ya yi fari. Katakai suka bushe, Misis Karol ta zo ta danna musu wani ɗan ma'auni ta ce saura kaɗan, amma kada in kuskura in rufe bango da sabon allo sai sun bushe har ciki, in ba haka ba fumfunar za ta dawo. Na lissafa, na ga Rakiya za ta riga bangon zuwa.

Wani abu kuma ya same ni wanda ban gaya wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa. Na kasa salla a ɗakin. Hajiya ta sauko ta shinshina kusurwa-kusurwa ta rantse ba wari, ɗanta ma haka. Ni ma na san babu. Amma da na shimfiɗa darduma na ɗaga hannu, sai in ga ruwan nan ya dawo, baƙi, takalmana na yawo a kai. Sai in naɗe in fita kan ciyawa, cikin sanyin kaka, ganyaye na zubo mini a kafaɗa. Na riƙa tambayar kaina, wurin da ni na kasa sa goshina, da wane ido zan ce wa matata ga ɗakinki?

Ranar da ta sauka na je filin jirgi da sabuwar shadda da tari. Ta fito tana tura akwati, ta rame, ta yi tsawo a idona, ko kuwa ni ne na manta. Muka tsaya muna kallon juna kamar baƙi. Sai ta ce, "Yallaɓai, furfura?" Muka yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, mutane na ratsa mu suna wucewa.

A mota na gaya mata komai. Ban rage ba sai zancen salla: masai, tiyo, turare, katifa a bakin titi. Ta jingina kai da gilashi tana kallon itatuwa, ja da rawaya da ruwan goro, hanya ta miƙe kudu. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Na ce a raina shi ke nan, tana tuna kwalayenta na Malumfashi.

Hajiya ta tarye ta da guɗa, jikoki na tsalle suna yi mata Turanci, an cika tebur da abinci. Rakiya ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta sha ruwa. Hajiya ta ce, "'Yata, na gyara miki wuri a falo, ki huta tukuna." Rakiya ta ce, "Na gode, Mama. Bari in ga ƙasan."

Na wuce gaba. Na kashe fankoki, ɗakin ya yi tsit. Ba komai a ciki sai siminti, da ƙarfen gado ba katifa, da bango yankakke daga gwiwa zuwa ƙasa, katakai a waje. Labulen nan mai ruwan zuma kaɗai ya tsira, na wanke shi na mayar. Rana ta yi ƙasa, ta shigo ta 'yar tagar ta kwanta a tsakiyar ɗakin.

Ta tsaya a matakalar ƙarshe ta cire takalmi. Na ce, "Akwai sanyi," ba ta kula ni ba. Ta taka simintin da tafin ƙafa, ta zagaya a hankali, ta leƙa banɗaki, ta shafa labule. Sannan ta tsuguna, ta goga tafin hannunta a ƙasa, ta kai hanci.

"Wa ya wanke?"

"Ni."

"Da hannunka?"

Na nuna mata su. Duk sun tsattsage, fatar yatsu ta saɓule. Ta daɗe tana kallo. Daga sama muna jin gudun yara da muryar Hajiya tana tsawata musu.

"Ƙofar nan tana da makulli?"

Na ciro shi daga aljihu. Ta karɓa, ta hau matakala, na ji ta murɗa shi, ƙaras. Hayaniyar gidan ta koma nesa. Ta sauko tana ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Ban yi la'asar ba," ta ce. "Da alwalata tun jirgi. Ina ne gabas a ƙasar nan?"

Na nuna mata kusurwar da ke hagu da taga, don a nan alƙibla ta karkata arewa. Na ce bari in hau in ɗauko darduma, ko mu fita waje, ciyawar ba ta da laifi.

"Waje? Ina da ɗaki zan yi salla a waje?" Ta warware gyalenta na biyu ta shimfiɗa wa kanta a baya. "Wuce gaba, Malam. Lokaci na tafiya."

Na wuce. Ba darduma, ba komai tsakanina da ƙasa. Na ɗaga hannu, ina jin numfashinta a bayana tana jira. Da ƙyar kabbara ta fito. Da na kai sujada goshina ya sauka a kan simintin, sanyinsa ya ratsa ni har ƙeya. Na ja numfashi sosai, da gangan. Ƙamshin siminti ne kawai. Na daɗe ban ɗago ba, har sai da Rakiya ta yi gyaran murya.